Kwanon da Inna Shatu Ke Mantawa a Bayan Rumfa

Ni ne malamin motsa jiki a firamaren ƙauyenmu, can gefen hanyar Gwiwa. In ka tambayi yara za su ce maka Malam Nuruddeen ya cika faɗa, kuma ba su yi mini sharri ba. Amma yau labarin Inna Shatu zan ba ku, matar da ke dafa wa ɗalibanmu abinci, wadda ta taɓa wanke ni tas a gaban murhu ba tare da ta ɗaga murya ba.

Gajeruwa ce, fara, ta ba sittin baya. Mijinta Haladu mai gyaran keke ya rasu tun ina ɗan sakandare, ita ta riƙe 'ya'yansu biyar da sayar da ɗanwake a bakin kasuwa. Shekara uku da suka wuce aka kawo mana shirin koya wa yara cin abinci mai kyau da motsa jiki. Aka kai mu bita Kazaure kwana huɗu, muka dawo da wani ƙaton hoto mai gida uku: abinci mai gina jiki, mai ba da ƙarfi, da mai kare jiki daga cuta. Iyaye suka amince kowa ya riƙa kawo tiyar wake ko gero da kaka, a dafa wa yara lokacin tara. Da aka zo neman mai girki, ba a ko yi gardama ba, kowa Inna Shatu ya ambata.

Ranar da na manna hoton a bango ta tsaya ta dube shi da kyau, hannu a ƙugu. Ta ce, “Malam, kwana huɗun da kuka yi a Kazaure, dama tuwo da miya aka koya muku?” Na ji haushi, na yi mata dogon bayani. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya ƙara ilimi, ta koma wajen tukunyarta. Tun daga ranar ba abin da take dafawa babu zogale a ciki, har yara suka sa mata Inna Zogale. Ba ta san boko ba, amma ta san wanda ke gutsure rabonsa ya kai wa ƙaninsa gida, ta san wanda ke tsince wake ya zubar.

A aji huɗu akwai wata yarinya, Zaituna, daga rugar da ke bayan dutse. Kusan awa guda take yi a ƙafa kafin ta iso, amma in na busa usur ranar Talata da Alhamis, ba namiji ba mace, babu mai ganin ƙeyarta. Ita na zaɓa ta wakilce mu a tseren makarantu da za a yi a Gwiwa. Abu ɗaya ne: in an jera kwanuka lokacin tara, sai ta koma gefe ta ce, “Na ƙoshi, Malam.” Ni kuwa da wayona sai na fassara abin da kaina. Na tsayar da ita gaban aji, na nuna hoton ƙwaryar nono a gidan abinci mai gina jiki, na ce, “Kun ga Zaituna? 'Yar gidan nono ce. Kafin ta fito ta sha ta ƙoshi, shi ya sa take barin ku a baya.” Yara suka tafa mata. Ta sunkuyar da kai, na ɗauka jin daɗi ne.

Da zafin bazara ya kankama, wata Talata tana tsakiyar gudu sai ta yanke jiki ta faɗi. Muka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, na ce rana ce. Mako na zagayowa ta sake faɗuwa, wannan karon har ta fasa leɓe.

Washegari mahaifinta ya zo. Malam Hamma sunansa, dogo, da sandarsa a kafaɗa. Zaituna ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, karatu na kawo yarinyar nan, ban kawo ta a kashe mini ita da gudu ba. In ta ƙara faɗuwa sau ɗaya, ta gama boko.” Bai jira amsata ba ya juya. Na san irin mutanen nan, ba sa faɗa sau biyu. Kuma ita kaɗai ce mace daga rugar da ta kai aji huɗu.

Raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci ba na tunani. Da aka tashi tara na ɗebo shinkafa da wake da kaina, na dangwara kwanon a gabanta, yara sun kewaye mu. Na ce, “Yau sai kin cinye wannan a gabana. Girman kan me kike yi mana?” Ta kafa wa kwanon ido. Hawaye na ɗiga a kan hijabinta, amma hannunta bai motsa ba. Na ƙara daka mata tsawa.

Sai ga Inna Shatu da ludayi a hannu. Ta ce, “Malam, wutata na neman mutuwa. A ara mini yarinyar nan ta hura mini.” Ta ɗauke kwanon, ta ja hannun Zaituna, suka yi bayan rumfar girki. Ni aka bari tsaye da usur a wuya.

Bayan an tashi na je na same ta tana kankare tukunya, na fara yi mata ƙorafin ta kunyata ni gaban ɗalibai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Malam, yaushe rabonka da ganin matan bayan dutse da ƙwaryar nono ranar kasuwa?”

Na yi lissafi a raina. An daɗe.

Ta ce, “Shanunsu sun yi kudu tun bayan girbi, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka. Wata huɗu ke nan babu ɗigon nono a gidan su yarinyar nan. Da ruwan koko take fitowa, wani lokacin ko shi babu. Kai kuma ka tsayar da ita gaban aji ka ce ta ƙoshi da nono. To da wane bakin za ta ce tana jin yunwa?”

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, “To Inna, ga abinci an ba ta, me ya hana ta ci?”

Sai a lokacin ta ajiye tukunyar ta dube ni. “Haba Malam. 'Yar Fulani ta buɗe baki ta ci abinci a tsakiyar taro, ga namiji babba tsaye a kanta? Ai ko za ta mutu ba za ta ci ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma a gidansu abin yabo ne.”

Ban taɓa sanin Inna Shatu a ruga aka haife ta ba sai ranar, wajen Roni. Ta ce da aka kawo ta gidan Haladu tana amarya, gida ne na mutum ashirin, ana zuba abinci a tsakar gida kowa na gani. Ta yi kusan mako uku tana cewa ta ƙoshi, har zaninta ya daina zama a ƙugu. Surukarta ce ta gane. Ba ta ce mata komai ba, sai ta riƙa aiken ta ɗakin ajiya ɗebo daddawa, in ta shiga sai ta tarar da tuwo a rufe da faifai. “Har tsohuwar nan ta koma ga Allah ba mu taɓa yin maganar ba,” in ji ta. “Kullum na yi salla sai na yi mata addu'a.”

Haka ta yi wa Zaituna. Kullum lokacin tara sai ta ƙwala kira, “Ke 'yar bayan dutse, na manta kwano a bayan rumfa, je ki tsare mini kada kaji su ɓata.” Inna kuma sai ta zauna a bakin rumfar ta ba da baya, tana tsince zogale tana 'yar waƙarta, ba mai wucewa. Ba ta taɓa ce mata ci ba. Ranar farko kwanon ya dawo da rabi. Rana ta uku ya dawo a wanke. Kafin mako biyu kwanukan da Inna ke mantawa sun zama biyar, domin ashe akwai wasu yaran rugar huɗu da su ma kullum a ƙoshe suke, ni ban taɓa lura ba.

Ni ma na gyara darasina. Na daina nuna ƙwaryar nono kamar kowa na da ita shekara zagaye, na koma kan wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, abin da ake samu ko da rani. Na rage wa Zaituna gudu har sai da na ga kumatunta sun ciko. Ran nan na tare ta a hanya na ce ta yafe mini. Ta rufe fuska da hijabi ta ruga, ina jin dariyarta.

Ranar tsere Inna Shatu ta hau bayan babur da jarkar kunun gyaɗa a cinya, ta bi mu Gwiwa. Aka jera su Zaituna. Ban damu ta ci tseren ko kar ta ci ba, roƙona ɗaya ta ƙarasa a tsaye. Ta zo ta uku cikin yara goma sha biyu, ta tsaya tana haki, ƙafafunta daram. Can nesa gindin darbejiya na hango Malam Hamma jingine da sandarsa. Bai tafa ba, bai matso ba. Da na nufe shi ma sai na tarar ya tafi.

Ranar Litinin aka yi taron safe babu Zaituna. Aka shiga aji babu ita. Na kasa koyar da komai, ina ta leƙen taga, ina cewa a raina shi ke nan, ya ga ta yi haki ya fasa. Tsoro na ji ƙwarai, don na san in ta tafi da hannuna a ciki.

Wajen ƙarfe tara sai ga su. Malam Hamma a gaba, Zaituna a baya, tana riƙe da hannun wata 'yar mitsitsiya mai kitso biyu, ƙanwarta Abu. Bai tsaya a ofishin hedimasta ba, ya wuce ni da sallama kawai, ya tsaya a bakin rumfar girki. Ya rusuna ya gaida Inna Shatu da Fillanci, ta amsa masa. Sannan ya tura ƙaramar gabanta, ya ce da Hausa, yadda ni ma zan ji:

“Inna, ga wata na kawo. Ita ma ba ta ci a gaban mutane.”

Inna Shatu ta yi kuka, ba ta ko ɓoye ba. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta kama hannun yarinyar, ta juyo gare ni.

“Malam, tsayuwar me kake yi? Je ka rubuta sunanta.”