Zagayen Kawu Mai Sabar

"Manhaja ɗaya tal! Ka ɗora mata yau, ko ka ajiye min makullin ɗakin nan!"

"Ranka ya daɗe, sabar ta jama'a ce. In na taɓa nan, sai can ya yi atishawa."

Mai taswira ta ɗago kai daga kwamfutarta. Bangon da ya raba ta da ɗakin sabar siriri ne, kuma a kanta Manaja da Kawu suke wannan faɗa. Taswirorinta sun ƙi fitowa, sai farin fili, wai don sabar, wato babbar kwamfutar da duk ma'aikata ke amfani da ita, ba ta da manhajar zana hotuna.

Kawu ya tsufa a ɗakin nan, cikin rigar sanyi da gurnanin fankoki. 'Ya'yansa sun watse, a gida ba mai sauraronsa sai kyanwa. Yana da wata al'ada: kafin ya kashe sabar ya kunna, sai ya bi ofis-ofis neman izini. Nan a ba shi shayi, can ya yi sharhin ƙwallo, gaba ya faɗi maganin ciwon bayan da ba wanda ya tambaye shi. Tun da rigimar manhajar nan ta taso kullum sai ya zagaya, har kumatunsa sun ciko.

Da Manaja ya fice, ta shiga. Kawu ya nuna mata jajayen rubutu a allo. "Kin gani, 'yata? Manhajar tana neman ƙanwarta, ƙanwar kuma ta ce sai an kawo kakarsu."

Ta ja kujera ta buɗe fayil ɗin saiti. Ashe manhajar na nan zaune lafiya lau. 'Yar alama kawai aka sa a gaban layin da ke kunna ta, aka rufe mata baki. Mutum ɗaya ke da ikon taɓa fayil ɗin a ginin nan.

Ta dube shi. Ya dubi silin.

"Kawu, korarka fa za a yi."

"To in komai na tafiya daidai, wa zai ce min sannu?"

Ta goge alamar. Ya kashe ya kunna, ba zagaye, fuska a murtuke. Koguna da tituna suka cika allon.

"Zan ce wa Manaja kai ka gano matsalar," in ji ta.

Ya rako ta bakin ƙofa, ya leƙa hagu da dama, ya rage murya.

"Firintar ofishinku fa, 'yata, ina jin jibi za ta lalace. Ki dai tanadi sukari."