Goshin Jikan Malam Sharafaddeen

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin babbar riga Gangare ya san Malam Sharafaddeen, in bai san sunan ba to ya san "telan nan mai shiru". Kakansa ya zo Jos zamanin haƙar kuza, shi kuma ya buɗe ido a kan keken ɗinki, a kansa ya yi furfura. Sai ka wuni a shagonsa ba ka ji ya yi doguwar magana ba. Ga kunya kamar me. 'Yarsa ta fari, Madina, har ta yi aure ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa, "yarinyar nan" yake cewa, shi ma sai ya zama dole.

Mijin Madina ya samu karatu a Malesiya. Kafin su tafi ya girka wa surukan nasa tsohuwar kwamfutarsa a falo, da wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu da ake kira modem, aka haɗa shi da wayar gidan. Wanda ya yi haɗin shi ne Onyekwere, mai gyaran kwamfuta, wanda Malam ya daɗe yana ɗinka wa kaya. Ya nuna wa Malam inda zai danna, Malam ya gyaɗa kai, aka rufe na'urar da ƙyalle mai aiki, aka manta da ita.

A daminar 2002 Madina ta haihu, namiji. Ta bugo waya ta ce sun turo hoton jaririn ta imel. A lokacin kuwa ciwon suga ya riga ya taɓa idon Balaraba, matar Malam. Likita bai ɓoye musu ba: abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake yi. Rubutu ya daina ganuwa gare ta, hoton takarda ma sai duhu-duhu, abu mai haske ne kawai take iya kamawa in ta matso kusa. Ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya.

"Malam, ina so in ga fuskar yaron nan tun ina gani."

Ranar aka yaye ƙyallen. Modem ya yi kukansa, ƙiii, ƙurrr, kamar an taka wutsiyar kyanwa, sannan hoto ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi. Farin bango ya fito. 'Yar hular saƙa ta fito. Goshi ya fito, Balaraba ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi. Sai fitilar akwatin ta mutu, layi ya yanke. Aka sake, aka sake samun bango da hula da goshi. Wallahi goshin nan sun gan shi har sun haddace.

Da a da ne, aike ɗaya ya isa Onyekwere ya zo a kan babur. Amma tun rikicin bara bai ƙara shiga Gangare ba, Malam ma bai ƙara taka unguwarsu ba. Ba faɗa suka yi ba, garin ne ya koma haka. Sai gyara ya koma ta waya, wayar kuma ita ce wadda modem ke amfani da ita. In Malam na magana da Onyekwere ba zai iya gwadawa ba, in yana gwadawa ba zai iya tambaya ba. Haka zai kira, ya saurara, ya ajiye, ya gwada, ya manta rabi, ya sake kira.

"Oga, kashe shi, ka jira kaɗan, ka kunna. Cire wayan, ka busa bakin, ka mayar. Fitila nawa yana ci?"

Malam ya kashe, ya kunna, ya busa. An ce ya ɗaga kan waya ya saurara, ya ji tana ƙaras-ƙaras kamar ana suyar ƙosai. Onyekwere ya ce ruwan sama ne ya shiga mahaɗar waya a kan falwaya. Malam ya je ofishin masu waya, suka ce ya dawo gobe, goben da ba ta ƙarewa. Randa layi ya yi kyau sai a ɗauke wuta. Randa wuta ta zauna sai maƙwabci ya yi sallama yana jiran kira daga Kano, kuma Malam ba mutumin da zai ce wa maƙwabci a'a ba ne.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, Onyekwere ya tambaye shi, ba sau ɗaya ba.

"Oga, wai me kana so ka yi da shi ne?"

"Ba komai. A dai gyara."

Ba komai! Yaya dattijo kamarsa zai buɗe baki ya ce wa bare yana ɗokin ganin ɗan 'yarsa ta fari? Yaya zai kai ciwon matarsa waje? Shi a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne. Ya ci gaba da busa waya, Balaraba kuma ta fara laluben bango in za ta shiga kicin.

Wata la'asar hoton ya wuce goshi. Gira ta fito. Balaraba ta ce "Alhamdu lillahi" tana riƙe da bakin tebur. A daidai nan hadari ya haɗo daga gabas, irin na Jos da ba ya sallama. Onyekwere ya sha gaya masa cewa da ya ji cida ya zare wayar daga jikin modem, don tsawa ta nan take bi. Malam ya kai hannu, ya dubi girar, ya dubi matarsa, ya janye hannun. Ido ne ke biye da gira, saura ƙiris. Sai walƙiya ta haska falon, wani abu ya ce tas, ƙaurin roba ya tashi.

Makonni suka wuce kafin Malam ya iya kai wa Onyekwere akwatin. Suka haɗu a gefen Taminus, tsakiyar gari, inda kowa ke iya tsayawa. Onyekwere ya shinshina, ya ce ya ƙone, sabo kuma sai an aiko daga Legas. Nan fa Malam ya rasa inda zai sa kansa. Yana kallon ƙasa ya faɗi komai, da hoton, da idon Balaraba.

Onyekwere ya ɗora hannu a ka. "Haba, Oga! Hoto ɗaya? Chineke! Da ka faɗa tun ranar farko, da na sauke shi a shago na sa maka a disket. Ba ya bukatar modem ko kaɗan."

Washegari Onyekwere ya miƙa masa ɗan faifan a inda suka haɗu jiya, ya ƙi karɓar komai. Malam ya koma gida yana sauri kamar yaro. Ya zura faifan yadda aka gaya masa, hoton ya buɗe gaba ɗaya, ba jira. Ga jariri ɓul-ɓul, ido a buɗe, baki a murguɗe kamar zai yi kuka. Malam ya riƙo hannun Balaraba ya zaunar da ita a kujera.

"Ga shi nan. Kin gan shi?"

"Na gan shi mana," in ji ta, tana murmushi. "Tubarkalla, masha Allah. Kai, yaron nan akwai haske."

Malam ya dube ta. Ba kwamfutar take kallo ba. Fuskarta na fuskantar taga, inda rana ke shigowa. Sai ya sa hannu biyu ya ɗaga kwamfutar da nauyinta, ya kai ta gaban tagar, ya tsaya riƙe da ita, hawaye na zubar masa a gemu, ita kuwa tana ta sa wa yaron albarka.