Staf da Shuɗiyar Tantabararsa

Matso ka ji labarin Staf, tsohon mai raba wasiƙu a garin Aalst, mai kiwon tantabarun tsere. Shekara ashirin yana buga poka, wato cacar kati, duk Lahadi a kujera ɗaya, wai ita ce mai sa'a. Sai Rudi mahauci ya koma zama hagunsa. Na hagu kuwa shi ke wasa bayan ka yi naka, ya gama karanta ka tukuna.

Yau Staf na riƙe da tara da takwas, kati ba yabo ba fallasa. Ya ƙwanƙwasa tebur, bai ƙara kuɗi ba.

Rudi ya yi murmushi. "Tsoho, na gano ka. Bar kuɗi, sa shuɗiyar tantabararka, tukunyata na jira."

Staf bai iya janyewa gaban mutane ba, sai ya sa ta. Kana ganin tantabarar nan za ta kai Lahadi mai zuwa?