Mai Gorar Bakin Tafki

Shekara ashirin da shida Inna Mai Gora ta yi tana aiki a bakin tafkin iyo na wata makarantar 'yan mata, kuma ko sau ɗaya ruwan bai taɓa wuce mata idon sawu ba. Ba ta iya iyo ba. Kowa ya sani, tun daga Shugaba har mai gadi, kuma ba wanda ya damu, tunda aikinta a tudu yake.

Makarantar kuɗi ce, irin wadda ake kawo yara a mota gilashi a rufe. Ita Inna ta ƙofar baya ta shigo, tana da ƙuruciyarta, goye da ɗanta na fari, aka sa ta a ɗakin wanki. Da aka gina tafkin, aka nemi mace mai haƙuri ta riƙa kula da shi, sai babbarsu a ɗakin wanki ta nuna ta da baki ta ce, "Ga wannan. Sai ta yini tana kallon kumfa ba ta ce uffan ba." Ba yabo ba ne, amma da shi ta samu aikin.

Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa ta iso. Ta buɗe ɗakin inji ta saurari ƙararsa, ta ɗebi ruwa a 'yar kwalba ta ɗiga magani ta duba launinsa, sannan ta ɗauko doguwar gorarta mai raga a baki ta shiga kwasar ganyen da ya faɗo. Wannan ne lokacin da ta fi so a duniya. Ruwan na kwance luf, hasken safiya na wasa a jikin tayil ɗin ƙasa, ita kuma tana jan gora a hankali, hankalinta ya yi gaba. A cikin ranta, wallahi ba wanda ya kai ta iyo. Ta san yadda ake miƙa hannu, ta san inda ake juya kai a shaƙi iska, duk da ido ta koya. Takan ga kanta ta tsunduma, zaninta ya baje a bayanta, tana tafiya a ƙarƙashin ruwa ba nauyi ba ciwon gwiwa, ta wuce bangon tafkin, ta wuce katangar makarantar, har ta ɓullo wani wuri mai faɗi da ba ta san sunansa ba. Sai ƙararrawa ta dawo da ita, ta tarar da ganye uku kacal a raga.

To amma ba kwasar ganye ce ta ba ta suna ba. A makarantar nan cin jarrabawa kaɗai ba ya fitar da yarinya. Sai ta yi awa arba'in tana aikin taimakon jama'a, sai ta zauna a wani kulob shekara biyu, ko na muhawara ko na wasan kwaikwayo ko na lambu. Sannan ga wata doka da matar da ta kafa makarantar ta bari, ta kuma ce kada a taɓa mata ita ko bayan ranta: kowace ɗaliba sai ta yi iyo daga wannan bango zuwa wancan, mita ashirin da biyar, ba ta riƙe komai ba. Sau uku ake ba ta dama a shekarar ƙarshe. Wadda ta kasa, ba a kiran sunanta ranar yaye ɗalibai, takardarta kuma sai baɗi, in ta dawo ta gwada cikin ƙannenta. Ranar gwaji Inna ke cire ragar, ta bi gefen tafki da gora tsirara, kafaɗa da kafaɗa da mai iyo. Wadda ruwa ya fi ƙarfinta ta kama gora a jawo ta. Wadda kuwa ta taɓa gora, ta faɗi.

Ga inda matsalar take: Inna saurin hannu gare ta. Yarinya na yin tari ɗaya, gora ta isa. Malamar iyo, wata siririya mai usur a wuya, ta yi faɗa har ta gaji. "Yaya, don Allah ki riƙa bari su ɗan sha ruwan. Kin fi yaran tsoro." Inna ta ce to. Washegari ta sake. Ita dai ba ta ga dalilin da zai sa ta tsaya riƙe da gora tana kallon 'yar mutane na haɗiyar ruwa ba, kuma in ka bi ta tawa, ba ta yi ƙarya ba.

Sai ga shi abin ya zo kan 'yarta.

Makarantar na ba tsohon ma'aikaci gurbin ɗa ɗaya kyauta. 'Ya'yan Inna uku na farko duk maza ne, sai Auta, wadda ta zo a makare, ita ta ci gurbin. Yarinya ce mai kai, ga baki. Ita ke jan kulob ɗin muhawara, ta cika awanninta arba'in tana karanta wa tsofaffi jarida a asibiti har ta ɗora goma a kai. Kujera na jiran ta a makarantar koyon aikin jinya, takardar kammalawa kawai suke so su gani. Amma da ta ga ruwa sai bakin ya mutu. Mahaifinta tela ne, shi ya ɗinka mata rigar iyo doguwa har ƙasa, yana ɗinki yana tsokana. "Uwa mai tafki, 'ya mai gudun ruwa. Ni dai a gidan nan ni kaɗai ne jarumi, ina wanka da bokiti guda ban taɓa neman ceto ba."

Gwajin farko, Auta ba ta yi mita biyar ba ta cafke gora da hannu biyu. Wannan laifinta ne. Na biyu kuwa, kowa ya gani, laifin Inna ne. Yarinya ta wuce rabi, tana tafiya, ta ɗan shaƙi ruwa ta ɗago kai, kafin ta ce wani abu gora ta sauka a kan hannunta. Malama ta busa usur, ta juya baya don kada ta faɗi abin da ke bakinta. Ranar nan Auta ta yi gaba abinta har suka isa gida, kuma Inna ba ta ga laifinta ba. Baƙin ciki ya ishe ta, don ta san da hannunta ta jawo 'yarta baya.

Saura gwaji ɗaya, saura kwana tara a yaye ɗalibai. Malama ta same ta a ɗakin inji ta ce, "Yaya, ranar Laraba, ranar gwajin, ki huta. Zan sa wata ta riƙe gorar." Inna ta ji sanyi a ranta, ta kuma ji kunya. Da ta gaya wa Auta da safe, suna tafiya a gefen titi kafin motoci su yi yawa, sai yarinyar ta tsaya cak.

"In ba ke ba ce a gefe, ba zan shiga ba."

"Ke Auta, ni ce fa na kayar da ke."

"Na sani. Amma in na juya kai ban gan ki ba, nutsewa zan yi tun a bakin bango." Ta gyara jakarta, ta ce, "Ki tsaya, Inna. Ki dai riƙe gorarki. Ko na kira ki, kada ki ba ni."

"In kin kira ni fa da gaske?"

"Da gasken zan kira. Kada ki ba ni."

Ranar Laraba da hantsi aka jera 'yan mata shida da suka rage, kowace ta ƙudundune cikin tawul a kan benci. Shugaba da kanta ta zo, aka ajiye mata kujera a inuwa. Malama, wadda ta haƙura ta bar wa Inna gorar, ta tuɓe takalmi ta tsaya a ɗaya gefen, shirye ta faɗa ruwa in ta kama. Auta ce ta uku. Ta sauka a tsani a hankali, ta jingina baya da bango, ta ɗaga ido ta dubi uwarta. Usur ya yi ƙara.

Da farko abin ya yi kyau har Inna ta manta da tsoro. Hannu na fita, hannu na shiga, rigar da tela ya ɗinka na bin ta a baya, ruwan na buɗewa yana rufewa. Inna na takawa a gefe, ƙafa ba takalmi, tana jin kowane bugu a kafaɗarta kamar ita ke yi. Suka wuce tsani na tsakiya. Suka wuce inda tayil ke sauya launi, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa.

A nan Auta ta shaƙi ruwa. Ƙafafunta suka yi ƙasa, kanta ya nutse ya fito, ta buɗe baki. "Inna."

Gora ta tafi da kanta. Inna ba ta aike ta ba, sai ganinta ta yi a saman ruwa, saura taƙi ɗaya ta kai hannun yarinyar. Ta fizgo gorar baya da ƙarfi har ƙarshenta ya bugi katanga, ta mayar da ita bayanta, ta riƙe da hannu biyu.

"Inna." Wannan karon da ruwa a cikin muryar.

Duniya ta yi tsit. Inna ba ta jin inji, ba ta jin yaran da suka miƙe a kan benci. Fuskar 'yarta kawai take gani, ido a waje, tana neman ta, tana kuma ganin ta tsaye da abin ceto a ɓoye a baya. Ba ta taɓa jin ta tsani kanta kamar wannan lokacin ba. Ta ja da baya taku ɗaya, wajen bangon ƙarshe, ta sunkuya, ta ce a hankali, da muryar da ta koya mata tafiya a tsakar ɗaki, "Taho. Taho, Auta. Ga ni nan."

Auta ta sake kira, sannan ta daina. Ta kai wa ruwan duka, ba kyau ba tsari, iyon da Malama ba ta taɓa koya wa kowa ba. Inna na ja da baya tana cewa taho, yarinya na bin muryar, taku ɗaya, bugu ɗaya, har tafin hannunta ya daki bango.

Malama ta busa usur ta ƙi sakewa. Yara suka kaure da ihu, Shugaba ta rubuta wani abu a takarda. Auta na rataye a bakin tafki tana tari, ruwa na fita ta hanci. Inna ta durƙusa a gabanta, ta so ta kama ta, sai ta ga hannuwanta sun ƙi sakin gorar, yatsun sun ƙage a bayanta.

Da tarin ya lafa, Auta ta ɗago. Ba dariya take ba, ba kuka ba.

"Na kira ki, Inna."

"Na ji ki," in ji Inna. "Sau uku."