Suna a Cikin Wuyan Riga

Ɗakin da Salima take aiki yana ƙarƙashin zauren motsa jiki na wata ƙaramar kwaleji a Greensboro. Akwai injin wanki uku a ciki, da dogon tebur, da keken ɗinki wanda ya riga ta zuwa ƙasar. Shekara goma sha ɗaya ta yi a wurin tana gyaran kayan 'yan ƙwallon Amurka, wasan nan da ƙarti suke ture juna da kafaɗa a kan ƙwallo mai siffar gwanda. Ba ta taɓa kallon wasa ko ɗaya ba, amma idan aka juye mata riguna a tebur ranar Litinin takan san yadda Asabar ta kasance. Mai lamba 64 kullum a kafaɗar hagu rigarsa take yagewa. Idan koren ciyawa ya fi yawa a bayan riguna, to an sha kashi.

Mutuniyar Zariya ce. A 1979 ta biyo mijinta, Malam Isiyaku Dabo, wanda ya zo karatun ilimin ƙasar noma ya kuma zarce da koyarwa. Ta zo riƙe da hannun ɗanta na fari, Uzairu, yana shekara huɗu, sannan ta haifi Ikram a nan. Suka zauna a wani ƙaramin gida a Glenwood, ba su tashi ba har yau. Hausawan garin duk Maman Ikram suke ce mata. Babu wanda ya taɓa kiran ta da sunan babban, domin kowa ya san ba za ta amsa ba.

Haka aka tarbiyyantar da ita. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna zumuɗi a kansa. Idan tana magana da Ikram sai ta ce yayanki, idan da Malam ne ta ce ɗanka. Shi kansa kuwa “kai” ya ishe shi, kuma yana amsawa daga ko'ina a gidan.

Ƙwallon ƙafa irin ta gida uban ya koya masa a bayan gida. Da ya shiga kwalejin sai koci ya ga yadda yake buga ƙwallo, ya ba shi lamba 9. Aikinsa ɗaya ne: a dasa masa ƙwallo a ƙasa, ya harba ta ta ratsa tsakanin ƙarafa biyu, a rubuta maki uku. Ba mai kayar da shi, don haka rigarsa ce kaɗai take dawowa fes.

“Mutumin naka dai cin banza yake yi,” takan ce wa Sylvanus Shekari, mai kula da kayan wasan. Mutumin Kagoro ne, kuma shi ya samo mata aikin. “Kowa ya dawo da yaga, shi ko gumi babu.”

“Hajiya, ki fito ki ga cin banzan da idonki mana. Matakala goma sha huɗu ce kawai.”

“Wa zai yi maka aikin?”

Ba ta fita. Takan zauna a ƙasa da rediyo, allura a hannu. Idan mai sharhi ya ce lamba 9 ya shigo fili, keken yakan tsaya har sai ƙwallon ta wuce. Sylvanus ya daɗe da lura da haka. Abin da bai sani ba shi ne, ran da aka fara kawo mata riga mai lamba 9, ta juya wuyan ta ɗinka sunan a ciki da ajami, ƙanana, da zare kalar yadin, yadda sai yatsa ya shafa za a san da shi.

Uzairu ya rasu a watan Maris na 1996, bayan kwana huɗu a asibiti. Sanƙarau ne. Yana shekara ashirin da ɗaya.

'Yan wasan sun zo ta'aziyya, suka cire takalma a ƙofa kamar yadda Sylvanus ya gaya musu, suka cika falo har ba wurin ajiye ƙafa. Wasu suna kuka. Salima ta kawo musu ruwa da dabino, ta gode wa kowanne da lambarsa, domin da ita ta san su. Hawayenta ba wanda ya gani. Ikram tana tsaye a bakin kicin tana kallo, kuma tun daga ranar ba ta sake ce mata Mama ba. Ta daina amsa ta da Hausa. Idan dole ta yi magana sai ta yi da Turanci, a gajarce, idonta a wani wuri. Wata takwas aka yi a haka. Salima ta binne ɗa guda, ga shi tana ganin ɗayar tana fita daga hannunta a cikin gida ɗaya.

A kakar bana ƙungiyar ta ci wasa takwas, ta faɗi ɗaya. Saura na ƙarshe, a gida, tsakiyar Nuwamba. Idan suka ci, akwai kyakkyawan zaton za a sa su cikin goma sha shida da za su buga sili ɗaya ƙwale. Idan suka faɗi, a naɗe kaya sai baɗi. 'Yan wasan suka ce suna son kowa ya sa baƙin baji a ƙirji ɗauke da sunan Uzairu. Koci kuma ya aiko Sylvanus da roƙo: kafin a fara wasa, mahaifiyar ta zo tsakiyar fili ta faɗi sunan ɗanta a lasifika.

“Na gaya masa ba za ki yi ba,” in ji Sylvanus. “Na yi masa bayani har sau biyu. Ya ce dai in tambaya.”

“Ka gode masa. Malam zai faɗa.”

“Bajin kuma akwai wani shago a Wendover, injinsu kwana ɗaya zai gama.”

“Su karkatar da haruffa, zare ya kwance a wanki na farko? Kawo yadin.”

“Guda saba'in da biyu ne fa, Hajiya.”

“Na iya ƙirga, Malam Shekari.”

Kwana tara ta yi a kansu. Wasu ta kan taho da su gida, ta shimfiɗa a teburin cin abinci bayan la'asar. A nan Ikram ta same ta ranar Alhamis, ta dawo daga makaranta, jaka a kafaɗa. Ta ɗauki baji ɗaya ta duba, ta ajiye.

“Baba ya ce kin ƙi,” ta ce da Turanci.

“Babanki zai faɗa.”

“Kalma ɗaya ce. Kin ɗinka ta sau saba'in saboda koci ya ce, amma bakinki ba zai iya sau ɗaya ba. Ko a asibiti ba ki kira shi ba. Ina wurin.”

“Ikram, a wurinmu ba a yin haka. Ni ma uwata…”

“Wurinmu ina? Nan aka binne shi.”

Ta shige ɗaki. Salima ta ci gaba da ɗinki har ta gama harafin da take kai, sannan ta ajiye allurar. Ta so ta bi ta ta ce mata kunyar nan ba rashin so ba ce, abin da ya fi ƙarfin baki ne ake rufewa. Amma wannan ma magana ce a kan ɗan fari, kuma ba ta san ta inda ake fara ta ba.

Da Malam Isiyaku ya dawo ta ce masa, “Ranar Asabar da ni za a je.”

Ya dube ta ta saman tabarau. “Ɗakin ƙasa?”

“Sama.”

“To ki sa safa biyu. Bencin nan ƙarfe ne.”

Ranar Asabar sanyi ya sauka sosai, ga rana tarwai. Suka yi azahar suka fito. Filin ya ba ta mamaki, bai kai girman da rediyo yake ba shi ba. Malam ya sauka tsakiyar fili da babbar riga a kan suwaita, ya faɗi sunan ɗansa cikakke, ya yi godiya, mutane suka miƙe tsaye shiru. An shimfiɗa riga mai lamba 9 a kan bencin 'yan wasa. Salima ta duba ƙirazan da ke jere, ta ga duk bajin sun zauna daidai, ban da na mai lamba 31 da ya sa rigarsa a karkace.

Malam ya tsaya a ƙasa tare da Sylvanus, don haka ita da Ikram ne kawai a sama, da tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Wasan ba ta gane shi duka ba. Ta dai ga inda yagar take fitowa. Wanda ya gaji Uzairu, wani siririn yaro mai jan gashi, ya samu dama kafin hutun rabin lokaci, ƙwallon ta kauce dama. Aka tafi hutu baƙi suna da goma sha huɗu, 'yan gida bakwai.

A gefenta na hagu akwai wata tsohuwa baƙar fata, ta lulluɓe da bargo, riƙe da fulas. Tun farkon wasa take ba 'yan wasa umarni kamar suna jin ta. Da aka tafi hutu ta tsiyaya shayi a murfin fulas ta miƙa wa Salima.

“Nawa shi ne 64,” ta ce da Turanci. “Jikana ne. Ci kamar gara, amma yaron kirki.”

“Yana yaga kafaɗar hagu,” in ji Salima.

Tsohuwar ta yi dariya. “Ashe kin san shi. To ke wanne ne naki?”

Amsar tana nan a shirye, wadda ta saba bayarwa: ni mai gyaran riguna ce. Gaskiya ce, kuma ta isa. Amma ta ji Ikram ta daina motsi a damanta. Ba ta juya ba, ta san yarinyar tana saurare da duk jikinta. Ta tuna uwarta, wadda ta rasu ba ta taɓa kama sunan yayansu ba, kuma ba wanda ya zarge ta, domin duk unguwar ta san ma'anar shirun. A nan babu unguwar. Akwai yarinya ɗaya mai shekara goma sha shida da ba wanda ya koya mata jin irin wannan shiru.

Salima ta ɗora yatsa a ƙirjinta, daidai inda bajin yake zama.

“Uzairu,” ta ce.

Sunan ya fito a hankali, da ɗan kaushi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Tsohuwar ta ajiye fulas ta kama hannunta da hannu biyu.

“Ke ce mahaifiyarsa? Shi yake kawo min jikana gida duk lokacin hutu. Ba ya tafiya sai ya fitar min da shara.”

“A gida sai an yi masa magana uku,” in ji Salima.

Wani sauti ya fito daga Ikram, tsakanin dariya da kuka. Can da aka dawo wasa ta matso, wai bencin ya yi sanyi, ta ja gefen mayafin uwar ta rufe gwiwarta.

'Yan gida suka farke a zubi na uku cikin huɗu na wasan. Saura minti shida mai jan gashin ya sake fitowa, ya taɓa ƙirjinsa, ya buga. Ƙwallon ta wuce da ƙyar, kusa da ƙarfen hagu, aka rubuta goma sha bakwai da goma sha huɗu. Sauran lokacin baƙi suka yi ta matsowa taku bayan taku har suka kusa, sai mai lamba 64 ya kutsa ya danne mai jefa musu ƙwallo, agogo ya ƙare a kansu. Tsohuwar ta ce dama ta gaya masa. Salima ta ga kafaɗar hagun tana lilo.

Ranar Lahadi aka fitar da sunayen goma sha shidan, kwalejin tana ciki. Ranar Litinin Sylvanus ya juye mata riguna a tebur yana waƙar coci.

“Baji goma sha tara sun ɗaga, Hajiya. Da injin Wendover ne…”

“Da babu ko ɗaya da ya dawo. Matsa min daga haske.”

Wajen ƙarfe uku da rabi aka ji taku a matakala. Ikram ce, ta biyo bas daga makaranta. Ba ta taɓa saukowa ɗakin ba. Ta gaida Sylvanus, ta tsaya tana kallon injinan, sannan ta ajiye jaka ta fara ninke rigunan da suka bushe. Mai lamba 9 tana cikinsu, an haɗo ta da sauran, fes kamar kullum. Ta kama wuyan za ta ninke, sai yatsanta ya tsaya. Ta juya shi, ta kai kusa da fitila. Karatun Islamiyyar ranar Lahadi bai bar ta da yawa ba, amma ya isa ta haɗa waɗannan haruffan.

Ta juyo ta dubi uwar.

“Mama,” ta ce da Hausa, “wa ya yi wannan?”

“Mai ɗinki mana,” in ji Salima, ba ta ɗago daga kafaɗar 64 ba. “Miƙo min almakashi. Asabar suna da wasa.”