Ruwan Wankin Hoton Ayishetu

Kadiri mai hoto taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halas ne, ko alƙali ba ya shiga tsakaninmu. Allah ya yi shi dogo kamar falwaya, ya ba shi ido mai gane kyau, amma ya hana shi kalma guda: "babu". Tun muna yara a unguwar Maamobi, in ka ce ya ara maka takalmi, sai ya tuɓe na ƙafarsa, ya kuma ba ka haƙuri wai sun ɗan tsufa.

Wurin wani Bayarabe a Circle, can cikin gari, ya koyi hoto, bayan ya daɗe yana yi masa shara. Da ya samu 'yanci sai ya kafa rumfar katako a bakin titi, dab da teburin da nake sayar da koko da ƙosai. A ciki ya rataya labule mai zanen bene da jirgin sama. Rabin mutanen unguwar Nima sun tsaya a gindin jirgin nan, alhali ba su taɓa wuce Kotobabi da ke maƙwabtaka da mu ba.

Yana samun aiki da Sallah da ranar suna, amma babbar kasuwarsa ita ce komawa sukul. Mu a nan, makaranta ita ce ta malam da allo, ta gwamnati kuwa sukul muke ce mata. Sukul tana da doka: 'ya mace ba ta shiga aji da kitso, sai an aske ta ƙwal kamar goruba. Da iyaye mata suka ga ba yadda za su yi, sai suka ƙago tasu al'ada. A yi wa yarinya kitson ban-kwana, a sa mata yunifom, a kawo ta wurin Kadiri, washegari a miƙa ta ga wanzami. Kan ka ce kwabo layi ya kai teburina, yara suna ƙyalli da man kaɗanya. Wanda ya ɓata fuska, Kadiri ya yi masa kukan akuya har sai ya washe baki. Na sha gaya masa wannan ce kaɗai muryar da ta dace da shi.

Sai shekarar tamanin da uku ta zo. Wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Ruwa ya ƙi sauka, daji ya ƙone, famfo ya bushe, 'yan'uwanmu da aka koro daga Legas suka cika ɗakuna, kantuna suka zama fayau. Garin da ake layin sabulu, wa zai kawo fim ɗin kyamara? Na Kadiri ya ƙare tun kafin damina, amma bai gaya wa kowa ba, har ni. Kullum yana zaune yana goge kyamara, kamar mai kiwon saniyar da ba ta da nono. Iyaye ma ta ciki suke yi, ba wanda ya zo neman hoto.

Sai Zelia.

Zelia mai kitso ce, kuma ban ga hannu irin nata ba har yau. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Ayishetu, mai gashi har kafaɗa, baƙi wuluk. Tun yarinyar tana goye uwar take rainon gashin nan. Saboda shi ta hana ta sukul, har sa'o'inta suka yi nisa, ita tana leƙen su ta katanga tana kuka. A ƙarshe Zelia ta sallama, amma da sharaɗi, kuma a gabana ta faɗe shi ranar da ta kawo ta, an yi mata shuku sirara-sirara kamar an zana da allura.

Ta ce, "Malam Kadiri, ka ɗauka da kyau. In ba hoto, ba aska. In ba aska, sukul ta riƙe kujerarta."

Na ce, "Maman Ayishetu, ki ce ya durƙusa tukuna. Daga can sama tsakiyar kanta kaɗai zai gani."

Ta ce, "Ai tsakiyar kan nake so, Anti Kaltume."

Kadiri bai yi dariya ba. Ya dubi Zelia, ya dubi yarinyar da ta ƙanƙame jakar sukul ta aro kamar za a ƙwace. Ayishetu ta ce masa, a hankali, "Baba, ka yi sauri kar ta fasa."

Ya tsayar da ita, ya gyara mata wuyan riga, ya juya ta gefe don kitson ya fito. Ya danna. Wuta ta yi wal. Batir kam akwai, fim ne babu. Washegari wanzami ya zo, Zelia ta shige ɗaki ta rufe ƙofa har aka gama. Ranar Litinin na ga yarinya ta wuce da kai yana sheƙi, tana tsalle kamar 'yar akuya.

Daga nan Zelia ta fara sintiri.

"An wanke?"

"Tukuna. Ruwan wankin ne ya yi wuya."

Kun ji shi, ko a nan bai iya cewa babu ba. Shi ruwan magani yake nufi, wanda ake tsoma hoto a ɗakin duhu. Ita kuwa mace ce da ta san wanki, ta kuma san famfo ya bushe. Wata safiya sai ga ta da bokiti a ka, zufa har gwiwa. Tun asuba take layin ruwa a unguwar Kanda. Ta sauke a ƙofar rumfa.

"Ga ruwa. Ka wanke mini nawa, sauran ka yi wa mutane."

Da ƙyar Kadiri ya ce, "Wannan... ba irinsa ba ne."

Ta leƙa bokitin, ta ce, "Gaskiyarka, ya yi ja." Ta ɗauka ta tafi.

Na ce, "Kai, dogon banza, ruwan hoto daga Zamzam ake ɗebo shi?" Ya rufe rumfa ya bazama. Ya je wurin tsohon maigidansa a Circle, ya bi masu kawo kaya daga Lome a ɓoye. Ko me yake nema oho, don ko an ba shi fim cike da mota, gashin yana bola.

Zelia ta dawo da wani bokitin. Ta bar ruwan ya kwanta, ta tace shi da sabon ɗankwalinta, garau kamar hawaye, a lokacin da ko na alwala sai an auna.

"Wannan fa?"

Ya ciro kyamarar daga wuya, ya buɗe bayanta, ya miƙa mata. Ta duba ciki. Ni ma na leƙa. Ko gizo-gizo bai ga abin zama ba.

Ta ce, "Ina 'yata take?"

Ya ce, "Ba ta taɓa shiga ba."

Zelia ba ta zage shi ba, da ma ta yi. Ta naɗa gammo, ta ce in taya ta ɗora bokitin, ta koma da ruwanta ba ta zubar da ɗigo ba.

Ba ta cire yarinyar daga sukul ba. Me za ta ceta? Duk hutu gashin ya ɗan tofo, a sake bin sa da reza.

Da fim ya dawo gari, Kadiri ya tare Ayishetu a hanya ya ɗauke ta da askakken kanta. Ya yi kwanaki da fensir mai tsini yana zana mata shuku a jikin hoton, layi bayan layi. Wallahi ya yi kyau, da ni ce da na karɓa. Ya roƙe ni in raka shi, don shi kaɗai ƙafarsa ba za ta kai ba.

Zelia ta karɓa, ta fito da shi haske, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ba hannuna ba ne. Tsagar ta karkace. Ni daga hagu nake farawa."

Ya ce, "Nuna mini."

Ta jawo masa kujerar da masu zuwa kitso ke zama, ta tsaya a kansa. Tana faɗa yana gogewa yana sake zanawa. Nan ya yi kauri. Nan ya yi nisa da kunne. A'a, ba haka ya kwanta ba. Ya goge, ya zana, ya goge, har takardar ta huje a daidai tsakiyar kai.