Sunan ɗan fari a gaban likita

Larabar da ta wuce, a wani asibiti nan Garwa. Shekara da shekaru ina tsine wa masu sayar da tiramol a bakin tasha, ina cewa su suka cinye mini ɗa. Da ƙyar kawunsa ya lallashe shi ya ajiye babur ɗin haya, muka kai shi wurin likita.

Likitan ya ce magani kaɗai ba ya raba mutum da ƙwaya, sai gida ya sa hannu. Ya juyo gare ni.

"Baba, ku kira sunansa, ku gaya masa kuna so ya warke."

Na ce, "Likita, ɗan fari ne. Mu ba ma kama sunan ɗan fari."

Yaron ya yi dariya, kansa a ƙasa. "Ku ƙyale shi, likita. A gidanmu sunana 'kai'. Mai tiramol ma yana kiran sunana."

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa a makaranta, kullum safe ina kiran sunayen 'ya'yan mutane, na buɗe baki harshe ya ƙi. Alkunyar da na gada ta riƙe ni har ya tashi ya fita.

Yau ce ranar komawa asibiti. Ni kaɗai na je, na zauna a benci har aka tashi.

Iyaye, wanda ya taɓa tsallake wannan kunya ya gaya mini yadda ya yi. Ni dai tun Laraba ɗakin ɗana Habibu a rufe yake, babur ɗin ma babu.